Kofi Uku a Bayan Gidan Dada

Hammadu Kafi, Gombe
7 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Iro, a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga kawunsa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kunne? Mu nan lafiya lau. Amaryata Dada, wato mahaifiyarka, tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kaɗai ke yi mata gardama, baki kuwa sai abin da ya ƙaru. Jiya ta ce in na sake kiranta amarya a gaban baƙi za ta sake ni. Na ce ai saki a hannun miji yake, ta jefo ni da mafici.

Kawu, kaya sun iso. Nehemiah ɗan Mama Selina maƙwabciyarmu ya sauke su ranar Asabar da ya dawo daga kai wake Ikko a motarsa. Mu huɗu muka cicciɓo naɗin nan daga bakin titi. Na ɗauka darduma ka saya wa masallacin unguwa. Da muka warware gefe ɗaya sai ga ciyawa. Ciyawa fa, Kawu! Koriya shar, gajera kamar an yi mata aski, amma ba saiwa, ba ƙasa, bayanta baƙar roba. Na shinshina, ƙamshin sabon takalmi take yi. Akuyar Mama Selina ta shigo ta kafar katanga, ta kai baki sau biyu, ta ɗago ta dube ni kamar ni na cuce ta, ta juya abinta.

Tambayoyi sun cika mini ciki. Wane ne ya zauna ya ƙera ciyawa, ga ta Allah kyauta har tana cin gidaje? Ana ba ta ruwa? Tana tsawo? In ba ta tsawo, me za ka riƙa yankewa, kai da ka tsufa kana aske ciyawar manyan mutane? Na so in kira ka a waya, sai na tuna wancan karon, ina cewa "Dada na gaishe ka" kana cewa "wa ya rasu?" Injin yankan nan ya gama da kunnenka, sai dai takarda.

To ga maganar takarda. Ni da kai ajami ne namu, kuma ka san ba ka sa wasali, kamar wanda aka hana. Ga Nehemiah ya ajiye wasiƙar kusa da jarkar manja. Dada ta ce in karanta mata, na zauna a gefen tabarmarta ina bi a hankali. A share rabin bayan gida. A kwashe ƙasa zurfin tafin hannu. A zuba tsakuwa. Duk tana jina tana tsintar shinkafa. Sai na zo inda ka ce a binne wani abu guda uku, a kafa 'yar tuta a kan kowanne. Kalmar nan da kaf a farko, da fa, da ya, a tsakiya kuma ɗigon manja ya zauna daram. Na duba, na sake dubawa, na ce, "A binne kafi uku."

Da ka ga inda farantin shinkafa ya nufa.

"Kafi?" in ji ta. "Mutumin Ikko ne da kansa ya ce a binne asiri a gidana? Wa ke binsa da sharri? Wa ya kai shi wurin boka?" Na ce ban sani ba, abin da ke rubuce ke nan. Wallahi a lokacin gaskiyata na faɗa.

Sai bayan la'asar na buɗe wani ƙaramin kwali da ya zo tare da naɗin, na tarar da fararen kofuna uku na roba, dogaye, da jajayen tutoci uku. Nan na gane ashe wau ce manja ya cinye, kofi ka rubuta. Na miƙe zan je in gaya mata, sai na hango ta tana zagaya bayan gida da carbi, tana tofa addu'a a kowane lungu har da cikin bahon wanki. Kawu, ka yafe mini, na kasa. Na ce bari in bar ta kwana biyu, ba kullum ake samun irin wannan kallo ba. Na ma ƙara mata da cewa na ga kamar naɗin ciyawar ya gusa daga inda muka ajiye shi.

Amma ni ma ban fita daga duhu ba. Kofunan nan gindinsu a huje yake, na zuba ruwa ya bi ƙafata. Kofin da ba ya riƙe ruwa, a binne shi a ƙasa, a kafa masa tuta kamar ofishin hakimi, a shimfiɗa masa ciyawar da akuya ta ƙi. Don Allah me ake yi da shi? Ka ba ni amsa ta hannun Nehemiah, ranar Laraba zai taso.

Ɗanka,
Suhaibu


Hammadu Kafi
28 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, amma ba lau ba.

Mako uku ke nan shiru. Mama Selina ta ce motar Nehemiah ta lalace a Lokoja a hanyar dawowa, yana can yana jiran wani ƙarfe. In ka ba shi amsa, to tana can tana shan rana tare da shi. Wannan wani direba na ba, daga tashar hatsi.

Kawu, wasa ya ɓaci. Kwana biyun da na ce sun zama goma, ban san yadda aka yi ba. Wata safiya kafin in tafi shagon wankin hula na soke tuta ɗaya a tsakiyar yakuwar da ta shuka a bayan gida. Da na dawo na tarar ta ɗaure ƙyalle a hannu ta tsige ta, ta jefa a kan rufin bayi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Abin da ban sani ba, ita da Mama Selina sun zauna sun gama lissafinsu: wai wani ne a wurin aikinka yake neman ranka, tsoro ya sa ka bar Allah ka kama boka. Mama Selina ta ba da sunanka a majami'arsu ana yi maka addu'a. Dada ta daina gama tuwonta. Ranar Talata na shigo na same ta a bakin murhu tana share ido da gefen mayafi, wuta ta mutu ba ta lura ba. Ban taɓa ganin tsohuwar nan tana hawaye ba, ko a rasuwar mahaifiyata a ɗaki ta yi nata.

Nan take na durƙusa na faɗa mata komai, manja da wau da kofuna. Na ɗauko ɗaya na nuna mata. Ta juya shi, ta leƙa ta cikin hujin ta kalle ni da ido ɗaya.

"Wannan ne kofi? Me ake sha da shi, iska?"

Na ce wallahi kofi ne.

"Kai da ka ce mini gwamnati za ta yi wa kaji katin shaida, na kama su ɗaya ɗaya na wanke musu fuska? Kai zan yarda da kai? Miji na banza. Yanzu ka ga na damu shi ne kake lallashina."

Ranar Juma'a na kawo Bamanga magini ya duba wurin, ko in ta ga mutumin kirki da awo a hannu hankalinta zai kwanta. Ya sa gatari ke nan ya ɗan taɓa ƙasa, ta fito. A gabansa, a gaban Mama Selina da ke leƙe ta katanga, ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Wallahi, tallahi, billahi, muddin ina numfashi ba abin da za a binne a bayan gidan nan. Kafi ne, kofi ne, ko cokali ne."

Bamanga ya saɓa gatarinsa ya fita ko sallama babu.

Ka ga inda muke. Ni na ja, na sani. Ka rubuto mata da hannunka, ka sa wasali a kan kowane harafi don girman Allah.

Suhaibu


Ikko
12 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Suhaibu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta bakwai ga wata ta same ni lafiya. Kunne yana nan yadda ka sani. Ka gai da Dada, ka ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ka gai da Mama Selina da akuyarta.

Kai ɗan nema ne. Kofi na rubuta. Yau ɗin nan da takardar ta shiga hannunka ka je ka gaya wa Dada, kada ka kai gobe. Ba a wasa da tsohuwa a kan irin wannan.

Ka tambayi abin da ake yi da shi. Wasan da ake yi a inda nake aiki sunansa ƙwallon lambu. Ba tumatir ba albasa, suna ne kawai. Ƙwallo ce fara, ba ta kai ƙwan kaza ba, ana bugunta da sanda mai kan ƙarfe daga nesa har a kai ta wani fili mai laushi. A filin nan akwai rami, a ramin akwai kofi, tutar kuwa don a hango shi ne. A nan ba a duka da ƙarfi, taɓa ta ake yi ta gangara da kanta ta faɗa. Wannan ƙarshen shi ne wasan gaba ɗaya, sauran duk tafiya ce. Hujin gindin kofi don ruwan sama ya wuce. Ciyawa ta gaske irin ta wurin nan ruwa take sha safe da yamma, kuma ka san yadda ruwa yake a Gombe, shi ya sa na nemo ta roba. Ba ta tsawo. Na gaji da yanka.

Ga yadda za ku yi, ka nuna wa Bamanga. Bayan an kwashe ƙasa a tsince saiwa duka. A zuba tsakuwa, a bi ta da garin dutse, a yayyafa ruwa, a samo injin da masu aikin titi suke danne ƙasa da shi a bi kai har sai ka taka da diddige ba ka ga sawu ba. Nan ne aikin yake. In ƙasan ta yi laushi ko tudu da kwari, ƙwallo za ta riƙa yawo kamar mai maye. A ɗan karkata filin kaɗan zuwa wajen magudana, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai sani. A binne kofunan bakinsu daidai da ƙasa, kada ya ɗago ko da kaurin farce. Ku shanya ciyawar a rana yini guda ta saki jiki kafin ku shimfiɗa. Ka shafa ta da hannu, za ka ji tana da inda ta kwanta kamar gashin akuya. Duk yankan da za a haɗa su kwanta fuska ɗaya. A buga dogayen ƙusoshi a gefe, a yanke bakin kofi da reza, a tankaɗe yashi mai laushi a watsa a share shi ya shige ciki.

Rabin wurin kawai nake so, rabin na yakuwar Dada ne, kada a taɓa.

Ƙarshen Disamba nake ajiye aiki, zan dawo gida gaba ɗaya. Abin da nake so in tarar ke nan.

Kawunka,
Iro


Hammadu Kafi
5 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Dada ta koma cin tuwonta har da ƙari, alhamdu lillahi. Ni ne dai kafaɗata ke ciwo, zan gaya maka dalili.

Nehemiah ya iso shekaranjiya, ya rame kamar wanda ya yi jinya, da takardarka ta sha biyu ga watan jiya a aljihu. Da ta zo a kan lokaci da duk wannan bai faru ba. To, da ni ma na riƙe bakina da bai faru ba, na faɗa kafin ka faɗa.

Dada ba ta bari na karanta ba. Ta fizge, ta yafa mayafi, ta ja ƙafa har zauren liman, ina biye. Liman ya karanta tun daga sallama har sa hannu. Da ya zo kan "kai ɗan nema ne" ta ce ya maimaita. Da ya gama ta tambaye shi sau uku, "Ba boka? Ba mai binsa?" Ya ce babu, wasa ne na manyan ma'aikata. Ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah ta daɗe. Muna shiga gida ta ɗauki muciya. Kafaɗar ke nan.

Na ɗauka an gama. Da yamma na ce, "To amarya, gobe in kira Bamanga?"

Ta ce, "Ya zo ya yi me? Ba ka ji na rantse ba?"

Na ce ai a kan kuskure ta rantse, kuma ko a makarantar allo an karantar da mu, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri sai ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma, shi ke nan. Liman ma haka ya ce mata. Na ce ni zan nemo hatsin, ni zan kai niƙa.

"Hatsi ne ba ni da shi?" in ji ta. "Shekarata saba'in da bakwai ban taɓa kama sunan Allah na saki ba. Sai yau, saboda ƙato da furfura zai bi ƙwan kaza da sanda? In wasa yake so ya zo in sa a haƙa masa ramukan dara a ƙofar gida, ya zauna da tsofaffi 'yan uwansa."

Kawu, a nan maganar ta tsaya. Ciyawa tana nan a naɗe a rumfa, kaji sun mai da ita wurin hira. Bamanga kuma ya ce injin dannewar da ya sani an tafi da shi aiki Kumo, sai bayan sabuwar shekara.

Ni dai na karanta bayaninka ya fi sau goma. Na gwada da lemun tsami da mariƙin lema a kan simintin shago, na sa gwangwani a kwance. Sau ashirin ina bugawa yana kaucewa, har masu karɓar hula suka taru suna ba ni shawara. Da ya shiga sau ɗaya na yi ihu ban sani ba. To na ɗan ji abin. Amma wannan bai isa in kai wa Dada ba. Kai da kake cikin wasan nan kullum, ba ka ƙoshi ba? Me ya sa sai a bayan gida, sai ka tarar da shi ranar da ka dawo? Ka gaya mini abin da zan gaya mata.

Ɗanka mai laifi,
Suhaibu


Ikko
19 ga Nuwamba

Suhaibu,

Wa'alaikumus salam. Takardunka biyu sun zo a rana ɗaya. Ina lafiya. Na ji Dada ta yi kuka saboda ni, na kasa cin abinci ranar. Wannan tsakaninka da ita ne, ka nemi gafararta da kyau, ba da wasa ba.

Ka ce ina cikin wasan kullum. Ba na ciki, ɗana. Ina gefensa.

Shekara talatin da ɗaya ina filin nan. Kafin masu wasa su zo na yanke, na share raɓa, na sauya wa ramuka wuri. Ni nake haƙa su da hannuna. Ba tudu ko gangaren da ban sani ba. Manyan mutane sukan kira ni, "Iro, ina za ta bi?" in nuna da yatsa, su buga ta faɗa, a tafa musu. Amma ma'aikaci ba ya bugawa, doka ce. Sau ɗaya a shekarata ta huɗu na tsinci ƙwallo a cikin ciyawa, na duba ba kowa, na taɓa ta da ƙotar manjagara. Ko rabin hanya ba ta kai ba shugabanmu ya fito. Abin da ya faɗa mini a gaban yaran da nake koya wa aiki ba zan rubuta ba. Ban sake ba.

Akwai wani dattijo da ya daina wasa saboda tsufa, ya ba ni sandarsa ta taɓawa. Shekara goma sha ɗaya tana ƙarƙashin gadona a naɗe cikin zani. Nakan fito da ita in goge in mayar. Ban taɓa jin ƙarar ƙwallon da ni na buga tana faɗawa kofi ba. Yanzu ko ta faɗa ba zan ji ba, amma zan gani. So nake in tsaya a wurin da ba mai fitowa ya ce wa ya ba ka izini. Shi ke nan dalilin, ba wani babba ba ne.

Amma ka ji da kyau. Ba zan sa mahaifiyata ta saki rantsuwarta don wannan ba. In ta ce a'a, a'a ɗin ke nan. Ka kai ciyawar makarantar yara su riƙa zama a kai, kofunan ka yi yadda ka ga dama da su. Kada ka sake tayar mata da maganar, kuma kada ka karanta mata wannan takarda.

Iro


Hammadu Kafi
9 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Iro,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan haɗa kaya na tafiya daidai. Mu lafiya lau. Dada hannu ne yanzu ya karɓi ciwon daga gwiwa, amma ta hana a faɗa, don haka ban faɗa ba.

Kawu, ban karanta mata ba. Wannan karon ba ni da laifi ko kaɗan, har abin ya ba ni mamaki. Ashe ta riga ta gaya wa Nehemiah duk takardar da ta fito daga Ikko a hannunta zai sa, in ya ba ni za ta haɗa shi da uwarsa. Ina shago ta kai wa liman. Shi kuma bawan Allah bai san tsallake ba, ya karanta mata har da "kada ka karanta mata wannan takarda." Sai da ya gama ya ce, "Au."

Da na dawo na tarar da takardar a kan tabarmata, ita kuma tana zaune tana kallon bayan gida. Na ce amarya sannu da gida. Can ta ce, "Ƙotar manjagara." Ta ɗauki buta ta tafi alwalar magariba.

Washegari na tashi na ga babbar tukunyar suna a kan murhu. Ba ta ce kaffara ba, ni ma ban ce ba. Dambu ta yi da zogale, ta zuba a kwano goma, ta ce in ɗauki Keke in kai wa masu jinyar 'yan uwansu a asibiti, waɗanda suka zo daga ƙauye suke kwana a baranda. Ta ce in na taɓa ko loma ɗaya sai an sake daga farko, kuma ni zan yi dakan. Da na dawo ta ce, "Kira maginin naka."

Kwana biyu muka yi muna kwashe ƙasa da zuba tsakuwa da garin dutse. Sai Bamanga ya tsaya ya ce to nan fa sai inji, kuma inji yana Kumo. Dada na jinsa daga bakin madafa.

"Inji na me?"

Ya ce na danne ƙasa, Dada, har sai diddige bai bar sawu ba.

"Daɓe kake nufi? Daɓe ne sai an jira inji? Ɗakin da na haifi mutumin Ikko da hannu muka daɓe shi, har yau yana nan a garinmu ko tsaga babu."

Kawu, ni ban taɓa ganin daɓe ba, a siminti na tashi. Ta aika Mama Selina, Mama Selina ta aika unguwannin Tudun Wada da Dawaki, da safe sai ga tsofaffi shida, kowace da madaɓinta, wani katako mai faɗin kai da suka tono daga ƙarƙashin gadaje. Ɗaya ta zo da ruwan makuba a jarka, wai shi ke sa daɓe ya yi ƙarfi ruwa bai ratsa shi ba. Bamanga ya ce ai so ake ruwa ya ratsa. An yi rabin awa ana wannan shari'a. Dada ta ce daɓe ba makuba kamar miya ce ba gishiri, amma tunda mai wurin haka ya rubuta, a bi shi.

Suka jeru a durƙushe, ni ina yayyafa ruwa, suna dukan ƙasa tare, tim, tim, suna ja da baya. Suka ɗauko waƙa, Mama Selina na bayarwa suna amshi, rabi Hausa rabi Tangale. Sai da aka jima na lura sunana ne a cikin amshin, kuma ba yabo ba ne. Kwana uku suna yi. Na ce Dada ki huta, gwiwarki. Ta ce gwiwar tawa ce ko taka? Ranar ƙarshe ta sa Bamanga, da ƙibarsa, ya yi tsalle a tsakiya. Ya yi. Muka durƙusa muka duba, ba sawu. Ya zuba ruwan buta, ruwan ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya kama hanyar magudana a hankali.

Kofin farko ita ta sa da hannunta. Ta yi bisimilla, ta tura shi, ta shafa bakinsa da tafin hannu ta ce ya ɗago, a ƙara zurfi. Bamanga ya aza katako ya duba, ya ce gaskiyarta. Sauran aikin yadda ka rubuta muka yi: mun shanya, mun shafa mun ji inda ta kwanta, mun buga ƙusa, na yanke bakin kofuna da sabuwar reza, ta tankaɗe yashin da rariyar garinta. Kawu, in ka leƙo daga zaure sai ka rantse damina ce ta manta wani yanki nata a gidanmu. Tutoci biyu na tsaye. Ta ukun tana kan rufin bayi har yanzu, gobe zan hau.

Da kowa ya watse na lallaɓa na ɗauko lemun tsamina da mariƙin lema. Gwaji kawai zan yi, in ga ko gangaren ya yi daidai, don kada ka zo ka ga aibu. Na saita ke nan na ji muryarta a bayana.

"Ajiye."

Na ce amarya, aiki ne, dole a gwada.

Ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta fito da faifai uku. Ta zare tutocin ta soke su a gefe, ta rufe bakin kowane kofi, ta aza dutse a kai. Ta jawo kujerarta ta zauna a gefen ciyawar, muciya a kan cinya.

"Ba lemo, ba tsakuwa, ba yatsanka. Wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana jira, shi zai fara."

Tun ranar nan a wurin take tsintar shinkafarta, a wurin take karɓar baƙi. In za ta shiga wanka sai ta kira Mama Selina ta riƙe mata gadi ta katanga. Na gwada lallashi, na gwada goro, na ce mata liman na kira, ko motsi ba ta yi ba.

Saura kwana ashirin da biyu. Ni ma yanzu jiran nake, Kawu, kuma ban iya shi ba. Ka taho.

Ɗanka,
Suhaibu